Huda Huɗu, Tsaga Guda

Litinin, 4 ga Nuwamba, ƙarfe huɗu na yamma

Na dawo Keita daga Tawa. Na sayi wannan kaye, littafin rubutu, a tashar mota don in rubuta abin da lokotoro ya faɗa tun kafin kaina ya fara gyara maganar. Shekara goma sha tara ina aikin rediyo, na san yadda labari ke sauyawa in ya kwana.

Eko, wato hoton ciki, ta nuna tsakuwa uku a maɗaciyata. Babbar ta kai milimita sha takwas. Su ne ke tokare ni ƙarƙashin haƙarƙarin dama duk ranar da na ci maiƙo, tun damina. Magani ba ya narkar da su. Maɗaciyar za a cire gaba ɗaya. Na tambaya ko mutum yana rayuwa babu ita. Ya ce hanta ce ke yin ruwan, ita ajiya kawai take yi.

Hanya biyu ce.

Ta farko, tsaga. Yanka guda ƙarƙashin haƙarƙari, santimita sha biyu zuwa sha biyar. Kwana biyar a gadon likita, mako shida kafin in ɗauki abu mai nauyi. Shi da kansa zai iya yi ranar Alhamis ta sama, 14 ga wata.

Ta biyu, huda huɗu, kowace ba ta wuce faɗin yatsa ba. A hura cikin da iska, a zura kamara ta cibiya, a yi aikin ana kallon tele. Kwana ɗaya ko biyu a sallame ni. Amma na'urar ba ta nan sai 26 ga wata, ranar da wasu lokotoro za su zo da ita daga Yamai.

Duka biyun sai an sa ni barci.

Sai ya duba katina ya ce, "O negatif. Irin jinin nan ba mu da shi a labo, ɗakin gwajin jini. In tsaga ce, ba ni shiga bulok, ɗakin tiyata, da kai sai da leda guda a firijo. Kana da ɗan'uwa mai irinsa?"

Na ce huda fa?

Ya ce huda ba ta cika cin jini ba.

Na zaɓi huda. Bisa hujja na zaɓa: ciwo kaɗan, kwana kaɗan, miki ba ya saurin ruɓa. Ina so wannan ya zauna a rubuce.

Talata, 5 ga wata, bakwai na safe

Na karanta wa Sauda jerin hujjojina tana dama kunu. Matata ba ta katse mutum, sai ya gama ta ɗauko abin da ya tsallake.

"Kwana ashirin da ɗaya za ka zamna da abin nan cikinka, Malam?"

Na ce lissafinta daidai ne.

"Alhali ga Alhamis nan kusa."

Na sake karanta mata wajen miki da kwanakin gado.

"Na jiya. Mi anka ce game da jini?"

Ban gaya mata an yi zancen jini ba. Katin ta gani a aljihun rigata. Ta tuna shekarar da tasharmu ta shirya ba da jini a filin lakkol, wato makarantar boko, mutum ɗari da wani abu suka zo, biyu kawai aka samu masu wannan iri, kuma uwa ɗaya ta haife su.

Na ce kunun ya yi kauri.

Alhamis, 7 ga wata, tsakar rana

Na yi awa biyu ina karatu a salula bayan labaran safe. Na ware abin da lokotoro suka rubuta daga abin da masu tsoro suka rubuta.

Cikin mutum ɗari da aka fara wa huda, kusan biyar sai an koma an tsaga su ana tsakar aiki. Dalili: kumburi, ko nama ya manne, ko jini ya rufe idon kamara. In maɗaciyar ta sha kumbura, adadin yana hawa.

Akwai wata siririyar hanya da ke ɗauko ruwan daga hanta zuwa hanji. In aka yanke ta bisa kuskure, wahalar ta shekaru ce. Mutum uku ko huɗu cikin dubu. Wasu sun ce mai tsaga ya ɗan fi ganinta, tunda hannunsa yana ciki. Wasu sun ce yanzu bambancin ya kau.

Bayan huda kafaɗa tana ciwo kwana biyu saboda iskar. Wannan ya ba ni dariya, ban san dalili ba.

Casa'in da biyar cikin ɗari adadi ne mai kyau. Da wani ne, da na faɗa masa haka da murya mai sanyi.

Ban ci maiƙo ba yau.

Juma'a, 8 ga wata, bayan la'asar

Inna ta zo daga Garhanga a motar kasuwa, ba ta aiko ba. Sauda ta rantse ba ita ta kira ta ba, kuma ban tambaye ta ba kafin ta rantse.

Ta zauna bakin tabarma, ta ƙi shan ruwa sai ta gama.

"Anka ce za a buɗe ka."

"Huda ta, Inna, ba buɗewa ba ta. Ko kunnen jinjira ana hudawa."

"Ana sa jinjira kwana da allura in za a huda ta?"

Ta gyara zama ta ci gaba.

"Wanda za a sa shi kwanan da ba shi yas sa kainai ba, sai ya zagaya ya biɗi gahwara. Haka munka iske. Ubanka da za a yi mishi aikin gwaiwa, gida-gida ya bi, har mai tsiren da sunka yi hwaɗa bisa akuya."

Na ce zan nemi gafarar kowa a salula.

"Na Tama ba ya ɗaukar salularka."

Ba ta faɗin sunan yayana Halidu, ɗan fari ne. Da tana ce masa Babba. Shekara huɗu ke nan ta koma ce masa na Tama, kamar can aka haife shi, ba can ya koma da garkar albasarsa ba.

Na ce aikin nan na awa ɗaya ne, mutane suna yin sa da safe su ci tuwo da dare. Ta kalle ni yadda take kallon hatsin da aka ce mata ya bushe.

"Kai dai ka iya magana, Zakari. Ita ta kai mu nan."

Ta kwana, ta koma da asuba.

Lahadi, 10 ga wata, goma na safe

Ban ci maiƙo ba. Saura kwana goma sha shida.

Talata, 12 ga wata, biyu na rana

Ciwon ya kama ni ina gaban mikro, ina tsakiyar farashin gero a kasuwar Madawa. Kamar an cusa dunƙulen hannu ƙarƙashin haƙarƙari ana murzawa, har bayan kafaɗa. Na kai ƙarshen jimla. Almu, abokin aikina da ke bayan gilashi, ya ga fuskata ya sa kiɗa.

Na kwanta a simintin ɗakin minti arba'in. Ban ci komai ba tun jiya sai farau-farau. Abin da ya tsorata ni ke nan. Da akwai dalili, in na ci kaza sai kaza ya biyo. Yau babu.

Almu ya ce, "Ɗan Garhanga, in za ka mutu ka bari sai an gama sanarwa, ba ni da mai karanta ta."

Na yi dariya, ya ƙara ciwo.

Alhamis, 14 ga wata, takwas na safe

Da na yarda da tsaga, da yanzu an gama.

Asabar, 16 ga wata, bayan azahar

Zazzaɓi, 38,6. Majo, babban ma'aikacin jinya na likitar nan Keita, ya sa mini ƙarin ruwa da allura. Ya danna ƙarƙashin haƙarƙarin ya ce in ja numfashi. Ban iya ba. Ya ce in koma Tawa ranar Litinin, kada in jira randebu, ranar da aka sa mini.

'Yata Zuhura ta tsaya bakin ƙofa da allonta, ta tambayi uwarta ko Baba zai je wurin marigayi Kaka. Shekararta shida. Sauda ta ce ta tafi makaranta.

Ban yi niyyar rubuta wannan ba.

Litinin, 18 ga wata, biyar na yamma

Eko ta biyu. Bangon maɗaciyar ya yi kauri, milimita shida. Lokotoro ya juyo da tele ya nuna mini, kamar zan musa.

Zan rubuta maganarsa yadda ya faɗa.

"Za mu kwantar da kumburin da magani. Ranar 26 za su fara da huda, in Allah ya so su gama da huda. Amma kai yanzu ba ka cikin biyar ɗin nan da ka karanta. Ka ce ɗaya cikin huɗu. In sun shiga sun ga ba su gani, ni zan karɓa in tsaga, kana barci, ba za a tashe ka a tambaye ka ba. Za ka sa hannu a kan duka biyun."

Na ce na fahimta.

"Saboda haka maganar jini ta dawo. Leda guda kafin ranar. In babu, sunanka ba ya shiga jerin."

Na tambaya ko ba za a samo daga Yamai ba. Ya ce zai tambaya, amma kada in jingina da shi, irin wannan jinin ana ajiye wa mata masu haihuwa. Na tambaya ko ba za a ɗebi nawa a ajiye ba, na karanta ana yi. Ya ce ba a ɗiban jinin mai zazzaɓi.

"Malam Zakariya'u, sau biyu ke nan ina tambayarka ko kana da ɗan'uwa, sau biyu kana ba ni amsar wata tambaya."

A mota na lura ina riƙe da cikina da hannu biyu kamar mai juna biyu. Mako biyu na zauna ina auna huda da tsaga, ashe duk ƙofa ɗaya suke bi.

Talata, 19 ga wata, sha ɗaya na safe

Na rubuta sanarwa: wani bawan Allah yana bukatar jini O negatif, mai niyya ya je labo na likitar Keita a gwada shi. Na ba Almu ya karanta sau uku a rana, da Hausa da Tamajak.

Ya riƙe takardar bai tashi ba.

"Ba suna?"

"Ba suna."

"Kai da kac ce sanarwar da ba suna tsegumi ta?"

Na ce ya karanta yadda take.

Tasharmu tana kaiwa har Buza in iska ta yi kyau. Ban sani ba ko tana sauka kwarin Tama. An ce mini tun Talatar da muka ɓata, Halidu bai ƙara kunna ta ba.

Alhamis, 21 ga wata, shida na yamma

Mutum goma sha huɗu suka je. Ban taɓa zaton haka ba. Har da tsohon da ke sayar mini da goro, aka ce masa shekarunsa sun wuce, ya yi faɗa. Ashe kowa ya san wane ne bawan Allahn.

Mace ɗaya ta dace, tana shayarwa, jininta bai kai ba.

Lokotoro ya kira. Yamai babu.

Sauda ta ajiye mini tafasasshen kabewa ba mai, ta zauna nesa. Na fi son ta yi magana.

Juma'a, 22 ga wata, bayan asuba

Ina jin tsoro. Na duba, babu wata kalma da ta fi wannan daidai.

Asabar, 23 ga wata, bayan magariba

Na je Tama.

Almu ya kai ni da motar tasha, ta Garhanga da Buza. Kowane rami na ji shi a haƙarƙari. Ban tsaya gidan Inna ba. Ya ajiye ni bakin kwari ya ce zai je neman rake, na san ba rake yake nema ba.

Halidu yana cikin fangali yana dashen albasa, laka har gwiwa, injin ruwa yana ƙara. Ya yi furfura a gemu. Ba wanda ya gaya mini. Na yi sallama, ya amsa bai ɗago ba. Sai da ya kai ƙarshen layi ya je ya kashe injin.

"Ka rame."

"Ba ni cin maiƙo, Yaya."

"Na jiya. Wani bawan Allah." Ya wanke hannu a bakin tiyo. "Maƙwabcina na da rediyo, ba ni iya toshe mishi ita. Sunana ka iya hwaɗi, da na ubana, da unguwarmu, sau ukku rana guda. Naka na ab ba ya hita bakinka."

A hanya na shirya abin da zan ce. Takarda ce ma'aikatan daji suka kawo da hatimi waccan Talatar, aka ce in karanta a rediyo. Sunaye tara ne a ciki, har da nasa, duk an same su da gawon da aka sare. Da na tsallake ɗaya, da ba wanda zai ƙara yarda da takwas ɗin, ko da wani abin da zai fito daga bakina. Ban san za su riƙe shi kwana goma sha ɗaya ba. Ba wanda ya san Baba ba zai kai kwana goma sha ɗaya ba. Duk gaskiya ne. Na tsaya a bakin fangalin na ga ba ko ɗaya da zai yi amfani.

"Mi kaka biɗa, jini ko gahwara?"

Na ce duka biyun.

"Yaushe na aikin?"

"Talata."

"Tsaga ko hudar nan da Inna ka hwaɗi?"

Na fara yi masa bayani, kamara da iska da ɗaya cikin huɗu. Ya ɗaga hannu.

"Ba su sani ba ke nan sai sun shiga. Awa rijiya." Ya dubi irin albasar da ya rage cikin kwando. "Litinin ni taho Tawa. Jini ba wuya, leda guda ta."

Na ce, "Yaya, ka gahwarta mini." Muryar da ta fito ba wadda nake aiki da ita ba ce.



"A'a."

Ya goge hannu a rigarsa ya ci gaba.

"In na ba ka ita yanzu, ka gama shiri ke nan. Ka kwanta hankali kwance, ka wuce abinka, ka bar ni da Inna. Ba ni ba ka. Ka shiga da nauyinka, ka hito da shi, sannan mu zamna. Maganar da nika da ita ba ta ƙarewa tsaye."

Ya koma ya ja igiyar injin.

A mota Almu ya tambaya an dace? Na ce rabi.

Litinin, 25 ga wata, huɗu na yamma, Tawa

Gado na uku daga ƙofa. Na sa hannu a takarda: huda, in ta ƙi, tsaga. Na karanta ta sau biyu, na gyara musu kuskuren kwanan wata.

Halidu ya zo da hantsi. Ban gan shi ba. Mai labo ce ta leƙo ta ce an ɗiba, an gwada, ledar tana firijo da sunana. Ta ce mutumin ya ƙi shan lemon da ake ba masu ba da jini, ya ce shi ba majinyaci ba ne.

Wata lokotoro daga cikin baƙin ta zana mini wurare huɗu a ciki da bik. Namu ya tsaya bayanta. Na ga idonsa yana bin ƙarƙashin haƙarƙarin, inda babu zane.

Na kira mutum ashirin da uku na nemi gafara. Kowa ya ce ba komai, Allah ya tashi kafaɗa. Inna ta yi kuka. Sauda ta ce, "Na yahe, amma ka dawo ka ci abincin kirki, na gaji da dahwa kabewa."

Daga sha biyun dare ba ci ba sha.

Talata, 26 ga wata, shida da rabi na safe

Ni ne na biyu a jeri. Na yi salla a zaune.

Mutum ɗaya bai yafe mini ba a duniya, kuma yana zaune a benci bakin bulok, Sauda ta gani.

Sun zo.

Juma'a, 29 ga wata, goma na safe

Sai yau na iya riƙe bik.

Na ƙirga da yatsa ta saman bandeji: ƙanana huɗu, doguwa ɗaya. Sun fara da huda. Minti talatin da biyar suna nema, maɗaciyar ta manne da hanta, jini ya rufe kamara. Namu ya karɓa ya tsaga. Siririyar hanyar tana nan lafiya, na tambaya sau biyu. An sa mini ledar duka.

Tari shi ne abin tsoro yanzu. Ina rungume filo kafin in yi. Akwai roba a gefen cikina, gobe za a cire in ba zazzaɓi. In ba zazzaɓi.

Jiya da rana Halidu ya shigo. Kwana uku yana kwana a farfajiya tare da masu jinya, albasarsa tana hannun maƙwabci. Ya tsaya ƙarshen gado, ya ɗaga zanen ya duba.

"Dut biyun sunka yi maka."

"Duka."

"Kai dai ba ka iya zaɓe ba tun kana yaro. Nawa na ciki?"

Na ce yana ciki.

"To ka bi shi sannu, bai saba zaman kujera ba."

Dariya ta taso, na danne filo, hawaye suka fito. Ya jira har ta lafa.

Na ce, "Yaya, na fito."

"Na gani."

Na jira. Ya gyara hularsa, ya dubi Sauda, ya dubi robar.

"Kwance kake. Ba ni magana da mutum kwance, sai shi ce na ci ƙarhinai. Sati nawa anka ce?"

"Shida."

"Sati shida albasa ta hwara kai. Ka taho Tama da ƙahwahunka, ba da motar rediyo ba. Ka taho da sahe, don maganar doguwa ta, kuma ba ka katse ni."

Ya tafi ya kama motar Buza.

Na ƙirga a kalandar bangon ɗakin. Talata, 7 ga Janairu. Yau majo ya ce in taka daga gado zuwa ƙofa. Taku tara ne. Na yi biyar.